Hanyar gaban kasuwa: wa ake tambaya kafin a tashi ƴan tebur?

Duk wanda ke bi ta gaban babbar kasuwar Maradi ko Kasuwar Dole ta Damagaram daga hantsi zuwa azahar ya san abin da ake ce ma cunkoso. Kamiyo ya tsaya yana sauke buhunna, adaidaita uku sun jeru bayanshi suna ta oda, ɗan kabu-kabu ya kutsa ta tsakani, mai amalanken jaki ya rasa gaba ya rasa baya, ga mai tumatir ta aje tirenta dab da bakin gudron saboda nan ne mai saye ke ganinta. Haka abin yake a Katako ta Yamai, haka yake a Tawa ranar kasuwa. Babu mai gardama cewa wannan hali yana son gyara. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda gyaran ke zuwa: a wayi gari a ji sanarwa a rediyo cewa an ba masu rumfunan bakin titi wa'adin kwana kaza, ko an hana adaidaita tsayawa wuri kaza, ko an maida tashar ƙauye bayan gari. Wa'adi na cika sai ga ƴan sanda da katafila. Daga nan sai kuka, sai zagi a wayar rediyo, sai kuma bayan wata biyu kowa ya lallaɓo ya dawo inda yake, har wani sabon shugaba ya zo a sake.

Shekara ashirin ke nan muna wannan zagaye, kuma a ganina abin da ya hana shi ƙarewa shi ne ana yanke hukuncin hanya babu mutanen da ke ci da hanyar a wurin.

Bari mu tuna daga inda aka taso. A ranar 24 ga watan Yuli na shekara ta 2004 ne aka yi zaɓen ƙananan hukumomi wanda ya kafa komin 265 a faɗin ƙasarmu Nijar. Abin da aka gaya ma talakawa a lokacin shi ne an kawo mulki kusa da su: maimakon komi sai an jira Yamai, yanzu ɗan unguwarku ne kansila, shi zai kai kukanku. A watan Satumba na 2010 aka fito da kundin dokokin ƙananan hukumomi, aka kuma ba manyan birane huɗu matsayi na musamman, aka kasa su gundumomi: Yamai biyar, Damagaram biyar, Maradi uku, Tawa biyu. Dokar ta ɗora ma ma'aikatar magajin gari sha'anin kasuwanni, da tashoshin mota, da titunan cikin gari, da tsara inda abin hawa ke bi da inda yake tsayawa. Ta ce majalisar gari ta riƙa zama duk wata uku, zaman kuma a buɗe yake, kowane ɗan gari na iya shiga ya zauna ya saurara. Sarakunan gargajiya ma suna da kujera, suna ba da shawara ko da yake ba su jefa ƙuri'a.

To, ƴan uwa ƴan kasuwa, a cikinku mutum nawa ya taɓa shiga wannan zama? Ba laifinku ba ne ku kaɗai. A lokacin ana yin zaman da Faransanci galibi, da rana tsaka lokacin da ciniki ya kankama, kuma sanarwarshi takarda ce da ake liƙawa a bangon ofis. Wadda ta bar tukunyar shinkafa da wake a kan wuta ba ta da halin zuwa karanta bango. Amma a lokacin ƙofar tana nan, kuma da yawa daga cikinmu ba mu taɓa tura ta ba.

Yau ko wannan ƙofar babu. A ranar 4 ga watan Afrilu na 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya rusa majalisun komin-komin, da na birane, da na jihohi, aka naɗa kantomomi, akasarinsu hafsoshin soja da na sauran jami'an tsaro. A Yamai Kanal Boubacar Soumana Garanke ne aka naɗa a madadin magajin gari Oumarou Dogari. Ga mutanen Yamai wannan ba baƙon abu ba ne, domin ko a zamanin farar hula an tuɓe Dogari a 2013, an tuɓe Assane Seydou a 2017, kuma daga 2017 zuwa 2021 naɗaɗɗun mutane ne suka riƙe birnin ƙarƙashin Mouctar Mamoudou. Akwai masu cewa kantoma ya fi saurin aiki, tunda ba ya jiran ƙuri'ar kansiloli kuma ba ya tsoron ɓata ma ɗan jam'iyya rai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai wannan saurin shi ne abin tsoro ga mai tebur, domin hukuncin da a da yake ɗaukar wata uku ana ja-in-ja, yanzu sa hannu guda ya ishe shi. Da can idan aka taɓa ku kuna da kansila da za ku tare a ƙofar masallaci ku tuna mishi zaɓe na zuwa. Kantoma ba ku kuka zaɓe shi ba, saboda haka ba zai ji ku ba sai kun je da kanku, kun je a haɗe, kun kuma je kafin ya sa hannu.

Wani zai ce, mu su wa da za mu je ofis mu ce a saurare mu? Amsar tana cikin aljihunku. Ma'aikatar magajin gari ba ta da rijiyar man fetur. Babban abin da take rayuwa da shi shi ne tikitin kasuwa, da kuɗin tasha, da na tsayawar motoci, da hayar shaguna, da lanhon da ake karɓa unguwa-unguwa, sai abin da gomnati ke maido mata daga patanti da makamantanshi. Mu yi lissafi a misalce. Mu ce mai kayan miya tana biyan dala goma kullum. A wata jikka ɗaya da rabi ke nan, a shekara jikka 18. Idan mata dubu ne irinta a gari, sun zuba miliyan 18 na sefa a shekara, ba a sa na masu shaguna da ƴan kabu-kabu da masu adaidaita ba. Wanda ke zuba irin wannan kuɗi ba roƙo ya je yi ba in ya tambayi ina za a maida shi. Don haka ne nake ganin kuskure ne babba yadda wasu ke miƙa ma mai karɓa rabin kuɗi a hannu ba tare da karɓar tikiti ba, suna ganin sun yi wayo. Tikitin nan shi ne shaidar cewa hukuma ta san da zamanki a wurin. Ranar da aka zo rabon sabon wuri, wadda ta tara nata a gwangwani tana da bakin magana, wadda ba ta da ko ɗaya sai a ce ba a san ta ba.

Abin da ya faru a Yamai a 2016 ya isa a tsaya a kanshi. A shekarar ne gomnan jihar Yamai na lokacin, Hamidou Garba, ya ƙaddamar da aikin kwashe kiyos-kiyos da rumfunan bakin manyan tituna, ana shirin karɓar taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a watan Yuli na 2019. An rushe dubbai. Titunan sun buɗe, wannan ba a musunshi, kuma duk wanda ya san Yamai kafin nan ya ga bambanci. Amma mutanen da aka tasa ba su bar neman abinci ba. Wasu sun shige lunguna suka toshe su, wasu sun koma yawo da kaya a hannu tsakanin motoci a bakin danja, wanda ya fi kiyos haɗari, wasu jarin ya karye. Da ma tun gobarar Ƙaramar Kasuwa a 2012 akwai ɗimbin ƴan kasuwa da suka watsu cikin gari. Cunkoson da aka kora daga babban titi sai ya sake ɓullowa a wani wuri. Irin wannan shara an gan ta a kowane gari da bikin 18 ga Disamba ya zagayo kanshi, Maradi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Garuruwan sun samu gudron da fitilu, Allah ya saka, amma ƙaramin ɗan kasuwa ya fi tuna lokacin da aka ce ya kwashe.

Akwai darasi na biyu a cikin labarin 2016: umurnin daga ofishin gomna ya fito, ba daga majalisar birni ba. Yana da kyau ɗan kasuwa ya san wace ƙofa zai ƙwanƙwasa. Babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni da Maradi da Damagaram har Difa, ta gomnati ce, haka ma wadda ta nufi Ɗan Isa da bakin iyaka. Ramin da ke cikinta ba aikin magajin gari ba ne. Amma titin unguwa, da lambatun gefen kasuwa, da wurin tsayawar adaidaita, da lokacin da kamiyo ke shiga gari, waɗannan nashi ne. Sau da yawa masu bugo waya a shirye-shiryen rediyo suna ɗora ma wannan laifin wancan, shi kuma wanda aka zarga sai ya samu hanyar zamewa cikin sauƙi, ya ce ba huruminshi ba ne, magana ta mutu.

Su ma hukumomin, a yi musu adalci, abin ya fi ƙarfin tsarin da suka gada. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan ɗaya a Yamai, kimanin 267.000 a birnin Maradi, kuma tun daga nan garuruwan sai faɗi suke yi. Titunan tsakiyar gari kuwa suna nan yadda aka shata su tun abin hawa bai wuce a ƙirga ba. Babur ɗan Sin ya yi araha, kowane saurayi ya zama ɗan kabu-kabu. Adaidaita ta shigo daga Kano, inda aka hana goyo a babur na haya a watan Janairu na 2013, ta cika Maradi da Damagaram. Mata sun fi kowa murna da ita, don tana ɗaukar mutum da buhunshi da yaranshi cikin sutura, sai dai tana cin wuri kuma ba a tanadar mata matsaya ba. A Yamai an gina gadoji na sama, ta Mali Bero a 2013 da ta Diori Hamani a 2018, an ƙara gada ta uku a kan kogi a 2021. Duk wannan ya taimaki mai mota. Wadda ke fitowa daga bayan gari da kwandon kayan lambu tana nan tana jiran faba-faba ko taksi a rana.

A nan ne kuɗin hukuncin ke fitowa fili. Mai zanen taswira a ofis yana ganin matsar da tasha mita ɗari biyar ƙaramin abu ne. Ga mai saro doya ko albasa, wannan tazara ɗan dako ne ko mai baro. Mu ce dala ashirin zuwa, dala ashirin dawowa: jikka shida ke nan a wata, daga ribar da wani lokaci ba ta kai haka ba. Ko dai ta ɗora ma mai saye, ko ta rage abin da take kai ma yara. Ga kuma tsadar mai. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, man kwalba da garuruwan bakin iyaka suka dogara da shi ya bar zama mai araha, kuɗin kabu-kabu da adaidaita ya tashi. Ragin da gomnati ta yi a watan Yuli na 2024, da ta maida litar fetur tamma 499, ya sassauta amma bai maida hannun agogo baya ba. Duk wani zagaye da aka ƙara ma direba, fasinja ke biyanshi. Wannan lissafi babu mai iya yin shi kamar ƴan kasuwa, kuma shi ne ke ɓacewa idan aka yi zama babu su.

Sunan Kasuwar Dole kaɗai ya isa nuni. Amma dole ba kullum take kafa kasuwa ba. Garuruwa nawa ne aka gina rumfuna na siminti a bayan gari, aka raba lambobi, yau awaki ke kwana a ciki? Dalili ɗaya ne: ciniki yana bin ƙafa. Inda mutane ke sauka daga mota, nan mai ƙosai za ta zauna, ko an kore ta sau goma. Idan ana son ta matsa, a fara matsar da masaukin motar, a kai famfo da makewayi da inuwa, sannan a kira ta.

Yanzu kuma mu juyo kan namu, don idan bera da sata, daddawa ma da wari. Tebur yana tafiya. Yau yana jikin bango, gobe an ƙara benci, jibi an kafa laima, kafin wata uku ya ci rabin titi. Akwai masu manyan shaguna da ke ba da hayar ƙofar shagonsu ga masu tebur suna karɓar kuɗi a kan filin da ba nasu ba, kuma ranar da katafila ta zo su ba abin da ya taɓa su. Akwai attajiran da ke tsaida tirela a tsakiyar hanya ƙarfe goma sha ɗaya na safe saboda sun san wanda za su kira. Ana zuba shara a lambatu, damina ta zo ruwa ya rasa hanya. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa, kuma a kowace gobarar kasuwa kukan ƴan kwana-kwana guda ne: babu ta inda mota za ta shiga. Wakilin ƴan kasuwa da zai je gaban kantoma ya ce kada a taɓa kowa, ya ɓata lokacinshi. Wanda za a saurara shi ne wanda ya je da tayi: mun yarda a ja layi, daga nan zuwa nan ba mai wucewa, mu da kanmu za mu tsare, ku kuma ku sa manyan motoci su sauke kaya bayan sallar asuba ko bayan isha'i, ku ware ma adaidaita matsaya a ƙofa kaza da ƙofa kaza, kuma duk wanda zai tashi a nuna mishi inda zai koma tun kafin a ba shi wa'adi. A kuma nemi a rubuta a takarda mai hatimi, a karanta ta da Hausa a rediyo, don maganar baki tana tafiya tare da wanda ya yi ta ranar da aka canza shi.

Sai tambayar da ta fi damuna: wa ke zuwa da sunan ƴan kasuwa? Idan hukuma ta ce ta tuntuɓi jama'a, yawanci abin da take nufi shi ne ta kira shugabannin sandika na masu sufuri, da sarkin kasuwa, da sarkin tasha, da alhazai biyar-shida masu manyan shaguna. Dukkansu maza ne, kuma babu ɗaya da ke zaune a bakin titi. Waɗanda hukuncin zai faɗa ma, wato masu waina da masu kayan miya da masu fura da ƴan tebur, su ne ba su cikin ɗakin. Dokar kason mata ta shekara ta 2000 ta ware musu kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ƙara zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019, kuma ta wannan hanya mata sun shiga majalisun gari. Da aka rusa majalisun, wannan kaso ya tafi tare da su. Abin da ya rage ma matan kasuwa shi ne abin da suke da shi tun da can, wato adashi da asusun mata masu dubara. Matan da ke iya tara kuɗi duk sati shekara da shekaru ba tare da dala ta ɓace ba, suna iya fidda mutum uku su rubuta sunayen duk masu zama a layinsu, da abin da kowace ke sayarwa, da shekarun da ta yi a wurin, su kai ma mai unguwa kwafi, su kai ma ofishin gunduma kwafi. Mai unguwa yana da muhimmanci yanzu fiye da da, domin kantoma baƙo ne a garuruwa da dama, kuma ta bakin masu unguwanni da fadar sarki yake jin gari.

Ƴan kasuwar ƙasar nan sun san ƙarfinsu. A watan Maris na 2005, da aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi, ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa na su Nouhou Arzika ya kira a rufe gari, shaguna suka rufe daga Yamai har Damagaram, gomnati ta sassauto a watan Afrilu. Sai dai rufe kasuwa makami ne na ƙarshe, kowa yana asara a cikinshi, kuma yanayin yau ba na 2005 ba ne. Maganar matsayar adaidaita ba ta kai nan ba. Abin da take so shi ne a je da wuri. A ƙarshen shekara ake tsara kasafin kuɗin gari na shekara mai zuwa, a nan ake yanke wane titi za a gyara, wane lambatu za a yashe, wace tasha za a tasa. Wanda ya je a watan Oktoba yana iya sa a canza layi guda a takarda. Wanda ya jira sai ya ga an sauke yashi da tsakuwa, sai dai ya nemi a ƙara mishi kwana biyu.

Mutanen Maradi ma suna da wata babba a gabansu. Layin dogo na Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284, an aza harsashinshi a watan Fabrairu na 2021. Duk ranar da jirgi ya fara isowa, kayan da ya ɗauko a kamiyo za a kwashe su, kuma kamiyon ta cikin wasu unguwanni zai bi, ya ja masu saye da masu abinci da ƴan dako zuwa wani sabon gefe na gari. Sandikar ƴan kasuwa da ƙungiyoyin mata suna iya neman zama da ma'aikatar magajin gari tun yanzu, su ga taswirar, su tambayi ta ina manyan motocin za su bi da kuma ko an ware ma ƙananan ƴan kasuwa wuri a kusa da tashar.